Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Bangaskiya da Gudun Ambaliya a Ƙasar Bunkure da Kura

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, manomin da ke zaune a ƙasan madatsar ruwa ta Tiga barcinsa rabi da rabi ne. Ido ɗaya na kan shinkafar da ta fara ɗaukar ciki, ɗayan na kan gabas inda hadari ke haɗowa. A wannan lokacin ne ƙasa take ƙoshi da ruwa, magudanai su cika, katangar jar ƙasa ta jiƙe har gindinta. A lokacin ne kuma gidajen rediyon Kano ke ta nanata sanarwar hukuma cewa mazauna bakin kogi su tashi su koma tudu.

Faɗin a tashi abu ne mai sauƙi ga wanda ke zaune a ofis. Ga magidancin da duk abin da ya mallaka yake cikin fadama, hukunci ne mai nauyi, kuma ba lissafin dukiya kaɗai ke shiga cikinsa ba. Imani ma yana shiga. A ƙauyukan kudancin Kano akwai Hausawa Kiristoci, 'yan ƙasa haifaffun wurin, da ke noma kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtansu Musulmi. Idan gargaɗin ambaliya ya iso gidajensu, tambayar da ke tasowa tsohuwa ce: wanda ya dogara ga Allah, zama ya kamace shi ko gudu?

Ruwan da ya raya ƙasa

An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tsara ta don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can babban kanal yake ɗauko ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ya rarrabu cikin gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam. Kashi na farko na wannan shirin noman rani an tsara shi ne a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya ga abin da ruwan nan ya yi. Kura ta zama garin shinkafa, injinan casa na ruri dare da rana. Kwanar Gafan ta zama matattarar tumatir da manyan motoci ke kwasa zuwa Legas. Alkama, albasa, masara da kankana sun mayar da rani lokacin aiki. Matasan da a da iyayensu ke tafiya cin rani, yanzu garinsu ake zuwa nema.

Sai dai ruwan da ya kawo arziki shi ya jawo mutane kusa da kogi. Gona ta sauka har bakin gaɓa, gida ya bi gona. Magudanan da aka haƙa don kwashe rarar ruwa, yashi da ciyawa sun cike wasu, wasu kuma an nome su. Idan Tiga ta cika ta tumbatsa, rarar ruwan, Kogin Kano take bi, ta haɗu da na Challawa kafin Wudil, ta nufi Ringim da Haɗeja. Duk wanda ke kan wannan hanya ya san ba a wasa da ita.

Tarihi ma ya nuna. A Agustan 1988 madatsar Bagauda da ke ƙasar Bebeji ta ɓalle bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ƙididdigar da aka fi ambata kan ambaliyar Kano ta wannan shekara ta ce mutum 146 suka rasu, gidaje kusan 18,000 suka rushe. A 1992 an rage tsayin mafitar ruwan Tiga don kare lafiyar ginin. A 2001 ruwan Tiga da na madatsar Challawa ya malale ƙauyuka a Kano da Jigawa. A 2010 gwamnatin Jigawa ta ɗora alhakin ambaliyar da ta same ta a kan waɗannan madatsu biyu, hukumar da ke kula da su ta musanta, ta ce cika suka yi suka tumbatsa. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba sama da miliyan 1 da muhallinsu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shanye rabin Maiduguri. A Mayun 2025 aka wayi gari da gawarwaki fiye da 150 a Mokwa. Babu manomin Bunkure da bai ji waɗannan labarai a rediyo ba.

Daren da ake tashi

Gidan da za a kwatanta a nan ba na mutum ɗaya ba ne, irinsa na da yawa a ƙauyukan da ke bakin fadama. Maigida, uwargida, yara biyar ko shida, da tsohuwa mahaifiyar maigidan wadda ƙafa ta fara gagara. Suna da eka biyu ta shinkafa da aka ci bashin taki aka zuba mata, injin ban ruwa ɗaya, awaki, kaji, da rumbun da ya rage 'yar dawar bara. Majami'arsu ƙaramin gini ne na bulo a kan tudu, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a ƙafa.

Labari ba ta takarda yake zuwa ba. Wani ɗan'uwa da ke sama da su ne zai bugo waya da la'asar ya ce kogi ya haura inda aka san shi. Ko kuma mai unguwa ya aiko yaro gida gida. Daga nan sai gardama ta tashi a tsakar gida, kuma kusan kullum fasalinta ɗaya ne. Uwargida ce ke fara ɗaure kaya. Za ta ce, Maigida, mu fitar da yaran nan da Inna tun da sauran haske. Shi kuma zai tsaya bakin zaure yana duban sama, ya ce bara ma haka aka ce, ruwa bai zo ba, kuma wa zai bar wa injin da awaki? Tsohuwa ta fi kowa taurin kai. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a bayan gidan aka binne mijinta, ta ce Ubangijin da ya tsare ta shekara da shekaru ba yau zai bar ta ba.

Kada a ɗauki maigidan nan a matsayin wawa. Yana da dalili. Gidan da aka bari ba kowa, ɓarawo na iya riga ruwa shiga. Kuɗin akori-kurar da za ta kwashe kaya ba ya aljihu. Ya taɓa ganin waɗanda suka tashi suka kwana a aji na makarantar firamare, ba tabarma, ba banɗaki, sauro ya yi musu rubdugu, ruwa kuma bai zo ba. Sanarwar da ta ambaci ƙaramar hukuma sukutum ba ta gaya masa ko unguwarsa ce ko ta gaba ba, ko yau ne ko jibi.

Idan uwargida ta yi nasara, abin da ake ɗauka kaɗan ne, kuma jerinsa na nuna abin da gida ya fi ɗauka da muhimmanci. Takardun makarantar yara da katin zaɓe a cikin leda, a ƙulle bakinta sau biyu. Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi, su ma a leda. Maganin hawan jinin Inna. Tukunya ɗaya, kwanon gari, gidan sauro, tocila. Irin shuka, domin wanda ya rasa amfanin bana bai kamata ya rasa na baɗi ba. Sauran tufafi a cusa cikin jakar bakko. Babban ɗa ya ɗora kakarsa a babur, ƙanwarsa ta zauna a baya ta riƙe ta. Yara su kora awaki. Injin ban ruwa a ɗaure shi a kan amalanke. Shinkafar da ke gona kuwa babu yadda za a yi da ita.

Kafin a ja ƙofa, sai a tsaya a yi addu'a a tsaye, takalma a ƙafa. Gajeriya ce, domin ba lokacin tsawaitawa ba ne. Maigida ya roƙi Allah ya tsare hanya, ya tsare maƙwabta, ya ba da zuciyar karɓar abin da za a tarar in an dawo. A fita ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ana cewa, Malam, mu dai mun yi gaba, ku ma kada ku kwana.

Zama ne dogara, ko tashi?

Maganar tsohuwa ba abin rainawa ba ce. Daga zuciyar da ta ga taimakon Allah sau da yawa ta fito. Amma littafin da ke cikin ledar nan, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, cike yake da labarin masu bangaskiya da suka tashi suka gudu, kuma tashin nasu shi ne biyayyarsu.

Nuhu, wanda Musulmi da Kirista duka suka san labarinsa, an gargaɗe shi tun sama na garau, ya sassaƙa jirgi mutane na yi masa dariya. Lutu fitar da shi aka yi daga gari da gaggawa, matarsa da zuciyarta ta tsaya kan abin da aka bari ta hallaka. Yusufu mijin Maryamu cikin dare ya tashi ya ɗauki jariri Yesu da uwarsa zuwa Masar don gudun takobin Hirudus. Shi kansa Yesu Almasihu, sa'ad da Iblis ya kai shi ƙololuwar Haikali ya ce ya faɗo tun da mala'iku za su tare shi, ya ƙi, domin jefa kai cikin haɗari da sunan dogara gwada Allah ne.

Labarin da ya fi dacewa da manomin shinkafa shi ne na Manzo Bulus a babi na 27 na Ayyukan Manzanni. Bulus ya gargaɗi masu jirgi kada su bar tsibirin Karita domin lokacin hadari ya yi. Aka fi jin maganar mai jirgin. Guguwa ta kama su mako biyu a teku. Bulus ya tabbatar musu cewa babu ran da zai salwanta, amma wannan alkawari bai sa ya naɗe hannu ba. Ya hana matuƙa tserewa, ya sa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. Daga ƙarshe suka zubar da alkamar da jirgin ke ɗauke da ita a cikin teku. Jirgi ya farfashe, kaya suka tafi, amma mutum 276 da ke ciki duk suka kai gaci, mutanen tsibirin Malita suka hura musu wuta suka karɓe su. Hatsi ya tafi, rai ya tsira, baƙi suka sami masauki. Wannan shi ne tsarin da littafin ya nuna, kuma shi ne abin da pasto nagari ke tuna wa ikilisiyarsa tun farkon damina.

Maƙwabci Musulmi ba baƙon wannan koyarwa ba ne. Tun yana yaro ya ji labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Bahaushe kuma, ko wane addini yake bi, ya gaji maganar nan cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. A kan wannan batu, masallaci da majami'a bakinsu ɗaya.

Akwai wata magana da ke biyo bayan kowace ambaliya wadda ya kamata a yi hattara da ita: cewa waɗanda ruwa ya ci, laifinsu ne ya ja musu. A babi na 13 na Bisharar Luka an ba da labarin mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, Yesu ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutane zunubi. Littafin Ayuba gaba ɗaya yana tsawata wa abokan da suka zo jaje suka koma tuhuma. Wanda ya dawo ya tarar da ɗakinsa ya kwanta, shinkafarsa ta ruɓe, ba wa'azin laifi yake bukata ba. Buhun masara yake bukata, da hannun da zai taya shi kwaɓa ƙasa.

Hadarinmu, guguwarsu

Wannan gardama ta tsakar gida ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin ta ba. Masana yanayi sun tabbatar cewa da yawa daga cikin manyan guguwowin da ke afka wa Amurka da tsibiran Karibiyan daga nahiyarmu suke samo asali. Hadarin da ke keta Sahel daga gabas zuwa yamma a watannin Agusta da Satumba, idan ya fita ta gaɓar Senegal ya hau ruwan Atilantika mai ɗumi, wani yakan rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa. Damina ɗaya ce ke hana manomin Bunkure barci take kuma sa iyali a jihar Luwiziyana ta Amurka loda mota.

A ranar 29 ga Agustan 2005 guguwar Katrina ta afka wa gaɓar kudancin Amurka. An ba da umarnin kowa ya bar birnin New Orleans kwana ɗaya kafin isowarta. Masu mota da kuɗin masauki suka fice. Waɗanda suka rage galibi talakawa ne, tsofaffi, marasa lafiya, da waɗanda suka ce sun ga guguwa da yawa ba ta yi musu komai ba. Katangun da ke tare ruwa suka karye, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, fiye da mutum 1,300 suka mutu, da yawansu tsofaffi. Ƙasa mafi arziki a duniya ta koyi cewa gargaɗi ba ya ceton wanda ba shi da abin hawa da wurin zuwa.

Bangaladash, ƙasa matalauciya mai yawan Musulmi, ta nuna ɗaya fuskar. A Nuwamban 1970, lokacin tana Gabashin Pakistan, guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000. Bayan haka aka gina dubban matsugunai masu tsawo, yawancinsu makarantu ne a ranakun lafiya, aka horar da dubban 'yan sa-kai a ƙauyuka masu yawo da lasifika, aka shigar da masallatai cikin aikin shela. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe fiye da mutum miliyan 2 kafin ta iso, waɗanda suka mutu a ƙasar 'yan gommai ne. Imanin mutanen bai ragu ba tsakanin 1970 da 2020. Shiri ne ya ƙaru.

Ina za a je?

Najeriya ba ta rasa masu gargaɗi ba. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, kuma sunayen Kura, Garun Malam, Dawakin Kudu, Warawa da Wudil na yawan fitowa a ciki. NEMA da takwararta ta jiha, SEMA, na nan don agaji. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin takardar Abuja da ƙofar zauren manomi.

A zahiri, waɗanda ke cike wannan giɓi a yau su ne mutanen gari da kansu. Iyalin da suka tashi, a majami'a suke sauka, a jera benci a gefe a shimfiɗa tabarma. Zumuntar Mata ta ikilisiya ce ke ɗora babbar tukunya, matasa su koma da babura su kwaso waɗanda suka rage. Inda majami'a ta yi kaɗan ko ta yi nisa, zauren maƙwabci Musulmi ne masauki, kamar yadda shi ma in ruwa ya biyo ta gefensa ba ya tambayar addinin mai tudu. Mutanen da ke shan ruwa daga kanal ɗaya, suke jiran layin ban ruwa ɗaya, sun daɗe da sanin cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Amma alherin maƙwabta ba zai ɗauke wa hukuma nauyinta ba. Abubuwan da ake bukata ba su fi ƙarfin kowa ba. Hukumar da ke kula da Tiga ta riƙa sanar da matakin ruwan madatsar kowace rana a rediyo da Hausa daga Agusta zuwa Oktoba, a faɗi sunayen ƙauyukan da abin zai shafa da awannin da ruwa zai ɗauka kafin ya kai su. Kowane dagaci, daga Gafan zuwa Barkum, daga Gundutse zuwa Ɗan Hassan, ya zauna da limamai da pastoci tun kafin damina ta kankama, a tsayar da wurin da kowace unguwa za ta nufa, a san gidajen da ke da tsoho, mai ciki ko gurgu, a san wanda zai ɗauko su. A tanadi wurin ɗaure dabbobi da 'yan sintirin da za su tsare gidajen da aka bari, domin tsoron ɓarawo na hana mutane tashi fiye da yadda hukuma ke zato. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan kanal su yashe magudanai tun da rani. Makarantar da za a sauki mutane a gyara mata rijiya da banɗaki, don kada wanda ya tsere wa ruwa ya faɗa hannun amai da gudawa.

Su ma shugabannin addini akwai nasu kason. Mutumin ƙauye na iya yin kunnen uwar shegu da sanarwar hukuma, amma da wuya ya ƙi jin limaminsa ko pastonsa. Idan aka faɗa a kan mumbari ranar Juma'a, aka maimaita a sujadar Lahadi, cewa fitar da iyali daga bakin ruwa ibada ce, maigidan da ke tsaye a bakin zaure zai sami ƙarfin yanke hukunci ba tare da jin ya gaza a imaninsa ba. Tsohuwa ma za ta hau babur idan Baba Pasto ne ya zo da kansa ya durƙusa ya ce, Inna, don Allah ki tashi mu tafi.

Wata shekara za a tashi, ruwa ya ƙi zuwa, a dawo da gajiya da cizon sauro. Wannan ba asara ba ce, kuma bai kamata a yi wa wanda ya tashi dariya ba. Shinkafa ana sake dasa ta, katanga ana sake gina ta, bashin taki ana biyansa ko da daɗewa. Yaro da tsohuwar da ruwa ya tafi da su ba sa dawowa. Saboda haka shirin daminar baɗi, tun daga yashe magudana har zuwa zaman dagaci da limami da pasto, aiki ne na wannan ranin.